Wayar Birki Mai Ƙulli Ɗaya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga mahaifinka Garba mai wayarin, Birnin Kudu, zuwa ga ɗana Abba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da motar, Ya sauke ka inda za ka ba ko ƙwarzane. Innarka tana gaishe ka, ta ce in tuna maka dambun naman nan guzuri ne, ba na rabon abokai ba. Da gangan na ɗora takardar a kan kwanon, don na san ka da ciki, kafin ka wuce Gwaram za ka buɗe shi. To ka samu inuwa ka tsaya, ka karanta har ƙarshe kafin ka sake ta da mota.

Labarin gida ba zan ɓata tawada a kansa ba, yau ka baro shi. Abin da ya zaunar da ni rubutu daban ne. Wata shida za ka yi can gaban Fagam, kana ja wa masu aikin kwalta tankin ruwa da injin wuta a bayan akori-kurar nan. Wata rana fitilar baya za ta mutu, dole ne, ba motar da ba ta yi. Za ka shiga ƙarƙashi ka bi launin waya yadda aka koya muku a makarantar sana'a a Kano, ja da ja, kore da kore. Kada ka kuskura. A motar nan launi ba ya nufin komai. Ni na ja wayarta daga gaba har baya da guntayen da na samu, kuma ni ubanka, tun da aka haife ni ban taɓa iya raba ja da kore da ruwan ƙasa ba. Shekara ashirin da biyu kana gabana ba ka sani ba. In ka bi launi, za ka taka birki wanda ke bayanka bai ga komai ba. Na san abin da ke biyo bayan wannan, kuma shi ne na kasa faɗa maka baki da baki.

Ga yadda take. Ka shafa kowace waya kusa da bakinta, za ka ji ƙulli. Ƙulli ɗaya birki. Biyu danja, wato jar fitilar baya ta tafiyar dare. Uku siginar hagu, huɗu ta dama. Wadda ba ta da ƙulli ita ce wayar jiki, mai kama ƙarfen mota. Ka sha tambayata me ya sa nake ƙulla waya kamar mai ɗaure ɗan maraƙi, ina ce maka don kada ta zame. Ƙarya nake yi maka.

A Unguwar Ya aka haife ni, gidan shanu, ka sani. Kakanka wanda ka ci sunansa ya sha tura ni neman wata jar saniyarsa da damina, in wuce ta tana tsaye cikin sabara ban gan ta ba sai ta motsa. In an sa ni tsinkar barkono in haɗo ɗanye da nunanne in cika kwando. Na sha dukan tsiya a kan haka, ana cewa wasa ne ya yi mini yawa, ni ma na ɗauka wautata ce. Da tsohon ya gaji ya ce wannan ba zai yi kiwo ba, sai aka kai ni Kano wurin wani mai gyaran wutar mota. A zamanin, wayar mota rigar zare gare ta, baƙin mai ya bi ya rine su duka, ko mai ido garau ba ya ganin launi. Da yatsa ake bi, da kuma ƙwan gwaji, ɗan ƙwan fitila mai waya biyu irin wanda na saka maka a akwatin gaban mota. Nan na samu wurin zama. Abin da kowa ke lalube ni na riga na saba da shi, har maigidana yana nuna ni ga baƙi. Kaina ya kumbura, ba na musu.

Da na dawo gida na fara cin gashin kaina, na samu wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, na haɗa mata 'yar tirela mai taya biyu, ina gyara ina kuma jan motocin da suka mutu a hanya. Wautata ta farko ta fis ce, ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa. Ina janyo wata mota daga Fagam, fis ɗin danja ya ƙone. Na sa wani, ya sake ƙonewa. Wani ɗan kamasho ya miƙo mini takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, ya ce kowa haka yake yi. Na naɗe, fitila ta kama, har da yi masa godiya. Ba mu yi nisa ba na ji ƙauri, sai hayaƙi ta ƙarƙashin kujera. Da hulata na kashe wutar, hular sallah kuwa. Ashe waya ce ta goge a gefen ƙarfen jan kaya na bayan mota, tana taɓa jiki duk sanda muka faɗa rami. Fis ɗin aikinsa yake yi, ni na toshe masa baki. Don haka in fis ya ƙone maka sau biyu a jere, ka dakata da na ukun. Cire soket ɗin tirela tukuna sannan ka sa shi. In ya zauna, cutar tana baya. In ya sake ƙonewa, tana jikin motar. Sai ka bi wayar da yatsa, ka fi dubawa inda ta ratsa ƙarfe ko ta lanƙwasa. Takardar sigari kuwa, ko wa ya miƙo maka ka ce ka gode, ka yar.

Ta biyu ta fi ban dariya, ko da yake ranar ban yi dariya ba. Fitilun tirela suka haukace mini. In na sa sigina duk su riƙa ƙyaftawa tare, in na taka birki su dushe. Na canza ƙwai uku, na sauke batir na kai caji, na je na yi wa mai kantin da ya sayar mini da ƙwan tatas a gaban mutane. Kwana biyu ina fama. Wani tsoho mai faci da ke kallona daga gindin darbejiya ya ce, “Garba, ni dai ban san wuta ba, amma na lura in ka jingina da ƙarfen jan nan suna gyaruwa.” Kai! Ai kuwa haka ne. Wuta in ta tafi fitila sai ta samu hanyar komawa batir, ta jikin ƙarfe take komawa. Ni kuma na bar mata mahaɗar tirela kaɗai, wurin da tsatsa da giris suka cinye. Da ta rasa hanya sai ta riƙa kutsawa ta cikin sauran ƙwayayen. Guntun samfefa da noti ɗaya suka gama maganar, sai zuwa ba mai kanti haƙuri, wanda ya fi gyaran wuya. In ka ga fitilu suna abin da ba a sa su ba, fara da wayar jiki. Kwance ta, goge wurin har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tamau. Kada ka taɓa dogara da mahaɗa, ja wa tirela wayar jikinta daban. Kuma in mai faci ya yi maka magana a kan wuta, ka saurare shi.

Waɗannan duk an san su a gari, ana ma tsokanata da su. Wadda ke tafe ba wanda na taɓa gaya wa sai innarka.

Ita ta gano ni muna wata uku da aure. Na sayo mata zane na ce ga kore irin wanda take so. Ta juya shi ta juya, ta ce, “Malam, wane launi ka ce?” Sai ta ɗauko zaren saƙarta kala uku ta jera a tabarma, ta ce in nuna mata ja. Na nuna. Ashe ba shi ba ne. Ba ta yi dariya ba, wallahi da ta yi ban san inda zan sa kaina ba. A daidai lokacin ne wayoyin roba masu launi suka fara shigowa, kowa yana murna aiki ya yi sauƙi, ban da ni. Wa zai kawo wa mai wayarin da ba ya ganin launi motarsa? Sai ta ce in riƙa shigo mata da waya cikin gida, ita za ta ƙulla mini alama. Haka muka yi ta yi, ba wanda ya ji.

Da cikinka ya tsufa aka tafi da ita gidansu a Dingaya, tun da haihuwar fari ce. Aka aiko mini an sauka lafiya, namiji. Na sayi rago, na tara itacen wankan jego, zan loda a tirela in kai kafin suna. Wayar tirelar ta tsufa, na ce ba zan shiga garin surukai da kayan kunya ba, na sa aka kawo mini sabuwa daga Kano, an riga an haɗa mata soket. Mai kawowa ya ce, “Ja birki, ruwan ƙasa danja, sauran ka sani.” Na ce na sani mana. Na zauna da waya biyu a hannu, a idona kamar uwa ɗaya ta haife su. Maƙwabcina tela yana kan kekensa taku goma daga inda nake. Da na miƙa masa na ce wacce ce ja, da shi ke nan. Ƙwan gwaji yana aljihuna, shi ma da na nemi mai taka mini birki da ya raba gardama. Girman kai ya hana ni ɗaya, gaggawa ta hana ni ɗaya. Na ce Bismillah na canka.

Ka san ƙwan baya zare biyu ne a cikinsa, mai rauni na danja, mai ƙarfi na birki. Na juya su. Da magariba na kunna fitila na zagaya baya, na ga haske tar, har na ce lallai sabuwar waya daban ce. Ban gane zaren birki ne ke ci ba. Birkin kuwa ban gwada ba, don ba mai taka mini, kuma ban nema ba.

Washegari da hantsi na wuce Gwaram, rana ta fito sosai, an yi ruwa da asuba hanya ta yi santsi. Na hango babur a madubi yana biye da ni. Malam Tukur ne, malaminka na Islamiyya. Lokacin saurayi ne, mutumin Dingaya, bai daɗe da sayen babur ɗin ba, yana zagaya ƙauyuka yana karantarwa. Shanu suka faso hanya daga cikin dawa, na taka birki da ƙarfi. Zaren da ya kama mai raunin ne, a cikin wannan rana ba mai ganinsa. Sai na ji ƙara a baya, ragon ya yi kuka.

Makiyaya da masu tafiya kasuwa suka taru. Aka ɗauko shi aka kwantar a inuwar motar, ƙafarsa ta dama ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Yana salati yana cewa, “Ban ga wuta ba. Wallahi ban ga wutar birki ba.” Wani dattijo ya ce to a gwada a gani. Ya tsaya a baya, na shiga na taka. Ya ce, “Taka mana, direba.” Ƙafata kuwa tana kan birki har ƙasa. Nan take na gane abin da na yi jiya. Abba, na ga garejina a rufe, na ga surukaina, na ga ana nuna ni a kasuwa. Sai hannuna ya tafi makunnin fitila, na jawo shi a hankali. Dattijon ya ce, “Af, ga ta nan ja wur! Malam, kai ne dai ka matse shi, sabon hannu.” Kowa ya ce haka ne. Malam Tukur bai sake cewa komai ba.

Ni na juya da shi asibiti, ana ta sa mini albarka. Aka yi sunanka, na ci naman ragon nan kamar ina tauna tsumma. Ƙafar ta ɗoru amma ta gajarce, ita ce ɗingishin da ka taso ka gan shi da shi. Babur bai sake hawa ba, yawon karantarwa ya ƙare, ya dawo Birnin Kudu ya zauna wuri ɗaya. Juya waya kuskure ne, Allah Ya sani ban yi da niyya ba. Jawo makunnin nan kuwa da hankalina na yi, kuma shi ne ya hana ni sakewa shekara ashirin da biyu.

Ranar da innarka ta dawo daga wanka na gaya mata. Ta yi kuka, ta ce in je in faɗa. Na ce sai an kwana biyu, kwana biyun ne har bana. Abin da na iya kawai, na bar bin launi gaba ɗaya, ko nata. Kowace waya sai na gwada ta da ƙwai na ga aikinta, sannan in ƙulla da hannuna. Kuma ban sake fita da tirela ba sai na kai ta bakin dangar bayan gida, innarka ta leƙo ta faɗa mini abin da ta gani. Kuna yara kuna dariya, kuna cewa Inna ta zama sufeton mota. To ka ji dalili.

Wannan ita ce shawarar da na fi so ka riƙe. Fitilar baya kai ba ka ganinta, ta wani ce. Kullum ka ɗaura tanki, tsayar da mutum a baya kafin ka motsa, ko da shugaban aiki yana yi maka tsawa. Kada ka tambaye shi “ta kama?” Mutanenmu suna da kara, zai ce ta kama don kada ya ɓata maka. Kada ma ka gaya masa abin da za ka taɓa. Ka taka, ka ce, “Me ka gani?” Ya faɗa da bakinsa, ja mai ƙarfi ko mai rauni, hagu ko dama. Ka gwada birki fitila a kashe, ka sake gwadawa tana kunne. Tankin kamfani zai zo da nasa launukan, kada ka haɗa su da namu sai ka bi kowacce da ƙwan gwaji ka ƙulla mata alamarta. Ka bar wa wayar sako-sako yadda kwana ba zai tsinke ta ba, amma kada ta ja ƙasa. In kun ƙetare rafi ka buɗe gilashin ka zubar da ruwa. Abin da ba ka sani ba ka tambaya, ko tela ne a kusa. Idonka lafiya lau, alhamdulillahi, na gwada ka da zaren innarka tun kana shekara huɗu ba ka sani ba. Amma girman kan nan na ga alamarsa a wurinka, gado ne, ka yi hattara da shi.

Ranar Litinin da ka tafi Kano karɓo takardunka, na je gayyatar Malam Tukur ya zo ya yi maka addu'ar tafiya. Na same shi a zaure shi kaɗai, ya miƙe ƙafar a kan buzu. Muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni, ya ce in sha Allahu. Na tashi har na sa takalmi ɗaya, sai na koma na zauna. Na ce, “Malam, ranar nan a hanyar Dingaya, wutar ba ta kama ba.”

Ya rufe littafin da ke hannunsa. Ya ce, “Na sani, Malam Garba. A ƙasa nake kwance, ƙofarka a buɗe. Na ga hannunka.”

Da ƙyar na ce me ya hana shi faɗa.

Ya ce, “Da farko zafi. Daga baya na tuna ragon suna a tirela, na ce ni wane ne da zan mayar wa mutum farin ciki baƙi. Amma kada ka ɗauka waliyyi ne ni. Shekaru na yi ina jin haushinka, ko layin garejinka ba na bi. Sai ranar da ka kawo mini yaron nan makaranta, na ga ka kasa kallon ƙafata. Na ce ashe wannan ma bai warke ba. Na yafe maka tun ranar, duniya da lahira.”

Na yi kuka, Abba, da gemuna, ba na jin kunyar rubuta maka. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Yaron ya san yadda wayar motar take?” Na ce a'a. Ya ce, “To yafiyata ba za ta kunna wa wanda ke bayansa fitila ba. Ka gaya masa, duka, har da hannun.”

Da la'asar sai ga shi da sandarsa, ya tako tun daga unguwarsu. Ya ce a ɗaura tirela. Na ɗaura. Ya ɗingisa ya je baya ya tsaya, daidai inda babur zai kasance. Ya ce, “Shiga ka taka.” Na shiga, na bar ƙofa a buɗe, na fito da hannuwana biyu na ɗora a kan rufin mota inda zai gan su, sannan na taka. Na ce, “Malam, me ka gani?”

Ya ce, “Ja mai ƙarfi, duka biyun. Mayar da hannunka, Garba.”

Motar da kake ciki ke nan. Shi ya duba maka ita, shi ne kuma na gayyato ya dafa kanka da safen nan kafin ka tafi.

In ka dawo ka ga ba ka iya kallona kamar da, ba zan ga laifinka ba, zan jira. Na gwammace haka da a ce wata rana an kwantar da ɗan wani a inuwar motarka. In kuwa Allah Ya ƙaddara maka kuskure, don ba ka fi ƙarfinsa ba, ka bar hannunka inda mutane ke gani, ka faɗi abin da ya faru tun wurin bai watse ba.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare wanda ke biye da kai. Allah Ya raba ka da mugun ji da mugun gani, Ya haɗa ka da abokan aiki na kirki, Ya sa albarka a abin da za ka samo. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko a tsakiyar daji ne. In ka samu mai zuwa gida ka aiko da layi biyu, innarka ba za ta ce ba amma kunnenta yana bakin hanya. Allah Ya dawo mana da kai lafiya, amin.

Yanzu sai ka rufe kwanon, ka sauka ka nemi wanda zai tsaya maka a baya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba